Wanda Ya Kira Tsuntsu Gidansa Ya Ɗauki Amana

Ya ku 'ya'yana da ƙannena da kuka tashi a ƙasar nan ta Amurka, da ku da karatu ya kawo ku zama ya riƙe ku: Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne a ido, amma ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuci. Cikin 'yan watannin nan mutum uku daga cikinku suka kira ni da kuka iri ɗaya. Sun kama gida mai fili a baya, sun rataya mazubin tsaba don tsuntsaye, kurege ya yashe shi da rana, wata dabba da ake kira rakun ta zo da dare ta fasa abin da ya rage. Ɗaya daga cikinsu, yaro mai hankali da na san iyayensa, har yake ce mini: "Kawu, wace guba ce ta fi saurin aiki?" Tambayar nan ta tsaya mini a wuya.

Ni ɗan kiwon tantabara ne tun ina yaro a Zariya. Na san zafin ka tashi da asuba ka tarar muzuru ya shiga ɗakin tantabarunka, gashi ko'ina, uwa ta mutu a kan ƙwanta. Saboda haka ban raina fushin yaron nan ba. Amma a gidanmu ba a taɓa koya mini in bi muzurun unguwa da guba ba. Abin da mahaifina ya yi shi ne ya sa aka ɗaga ɗakin sama, aka rage ƙofar, aka toshe ɓarakar da ke bayan bango. Haka manomi yake ɗora rumbunsa a kan duwatsu don gara da ɓera. Hatsin ake tsarewa. Dabba kuwa cikinta take bi, kuma duk inda ka baza abinci a fili kai ne ka aika mata goron gayyata.

Hunturuna na farko a Kolombos ta jihar Ohayo, kewa ta kusa kayar da ni. Itatuwa sun zubar da ganye, dusar ƙanƙara ta rufe komai, ba carar zakara, ba kukan akuya. Wata safiya na leƙa taga sai ga wani tsuntsu ja wur kamar an tsoma shi a garura, da tukku a ka da baƙi kewaye da baki, yana zaune a kan reshe cikin farin nan. Shi ne suke kira kadinal, wanda jihar Ohayo da wasu jihohi shida suka ɗauka tsuntsun alamarsu. Washegari na sayo mazubi na roba mai araha da buhun tsaba, na rataya a reshen itacen da ke jikin katanga. Kafin azahar kurege uku sun raba shi tsakaninsu, kafin mako ya cika sun gwagwiye robar har ta huje.

Kuregen nan ba irin namu ba ne mai rami a gona, mai tonon gyaɗa. Wannan ɗan bisa ne, ruwan toka, mai jela buzu-buzu, a kan itace yake kwana yake tashi. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, don haka dole ne ya yi ta gwagwiya, katako da roba duk ba sa gagararsa. Ƙafafunsa na baya suna juyawa, shi ya sa za ka gan shi ya rataye kansa a ƙasa yana cin tsaba hankali kwance. Amma duk wayonsa yana da iyaka, kuma iyakar tana aunuwa. Daga ƙasa yana iya tsalle sama kamar ƙafa 4 zuwa 5. Daga reshe ko katanga ko rufi yana iya dira gefe kamar ƙafa 8 zuwa 10, wato wajen mita 3. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi biyu ya gama rabin aikin.

Don haka ka bar rataya mazubi a itace. Ka kafa sandar ƙarfe mai santsi a tsakiyar fili, ka ɗauko awo ka tabbata tsakaninta da kowane reshe, katanga, baranda ko rufin mota ya kai ƙafa 10. Ka ɗaga kai sama ma ka duba, domin yana faɗowa daga reshen da ya gitta ta bisa. Mazubin ya zauna sama da ƙafa 5 daga ƙasa. A ƙarƙashinsa, a jikin sandar, ka ɗaura garkuwa ta ƙarfe. Iri biyu ake sayarwa: akwai mai kamar malfa a kife, akwai mai kamar bututu rufaffe daga sama. Kurege zai hau sandar, ya shiga cikin bututun, ya tarar ba hanya, ya sauko. Na tsaya a taga na ga wani ya gwada sau shida a safiya ɗaya, daga baya ya haƙura ya koma yana tsintar abin da ya zuba a ƙasa. Idan filinka ƙarami ne, babu inda za ka samu ƙafa 10, akwai mazubin da aka ƙera da ƙofa mai rufe kanta idan nauyi ya hau, tsuntsu bai isa ya motsa ta ba amma kurege yana taɓawa take kullewa. Akwai kuma wanda aka sa cikin kejin waya, ƙananan tsuntsaye su shige, manyan baƙi su tsaya waje. Sun fi tsada, amma mazubin roba uku da na yi asara kafin in waye sun fi kuɗin guda ɗaya mai kyau.

Wani zai ce maka ka shafa wa sandar mai ko man shafawa don ta yi santsi. Kada ka yi. Man yana manne wa gashin tsuntsu, gashin kuwa shi ne bargonsa, idan ya dunƙule sanyi ya kashe shi a dare ɗaya.

Rakun kuwa sha'aninta daban. Wanda bai taɓa ganinta ba, ya ɗauka dabba ce da ta fi muzuru girma da ƙiba, mai baƙin zane a ido kamar ta sha kwalli har kunci, jelarta zobe-zobe baƙi da toka. Da dare take fita. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne hannu: yatsu biyar masu aiki kamar na yaro, tana buɗe murfi, tana zare ƙugiya, tana kwance abin da ka ɗaura. Wani dare cikin bazara na ji ƙarar faɗuwar abu a bayan gida wajen ƙarfe biyu. Na kunna fitilar waje. Ga ta zaune a kan ciyawa ta rungume mazubina kamar mai girgiza ƙwarya, tana karkata shi tsabar na zuba a bakinta, 'ya'yanta uku suna tsinta a gefe. Ta ɗago ta dube ni, idanunta suna ƙyalli, ba ta ko motsa ba. Da safe na tarar sandar ta lanƙwashe.

Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tambayar inda ake sayar da tarko. Maƙwabciyata ce, wata tsohuwa da ta shekara fiye da talatin tana ciyar da tsuntsaye, ta tsayar da ni ta kan katanga. Ta ce in na kama uwar nan na kai ta nesa, 'ya'yan da na gani yunwa ce za ta kashe su a inda ta ɓoye su, kuma kafin wata ya zagayo wata rakun za ta gaje wurin, tunda abincin yana nan. Ta ƙara da cewa dokar Ohayo ma ba ta yarda ka kama rakun ka kai ta wani wuri ka saki ba, saboda gudun yaɗa cuta. Na bincika na tarar haka ne, kuma jihohi da dama suna da doka irin wannan. Abin da ta koya mini ba shi da wuya: garkuwar rakun ta fi ta kurege girma, bututu ne mai faɗin inci 8 da tsawon ƙafa 2 ko fiye, yadda ba za ta iya rungumarsa ta hau ba. Abin da ya fi wannan sauƙi kuma shi ne in riƙa sauke mazubin da magariba in shigar da shi ciki, in fito da shi bayan sallar asuba. Tsuntsayen da nake ciyarwa ba sa ci da dare, to don wa zan bar shi a waje? Na yi haka mako biyu, ta zo ta zo ba ta samu komai ba, ta daina zuwa. Buhun tsabar ma na daina ajiye shi a baranda, na zuba shi a garwar ƙarfe mai murfi da makulli.

Ku kiyaye, tausayin rakun ba ya nufin ku saba da ita. Tana cikin dabbobin da aka fi samu da ciwon haukan kare a gabashin Amurka, kuma a kashinta akwai ƙwan wata tsutsar ciki da ke iya illata ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro idan ya kai ƙasar wurin baki. Kada ku miƙa mata abinci da hannu, kada ku bari yara su bi 'ya'yanta don sun ga suna da ban sha'awa. Idan kun ga kashinta a baranda ko gindin itace, ku sa safar hannu ku kwashe da shebur, ku kwarara tafasasshen ruwa a wurin. Wadda kuka gani tana tangaɗi ko ta rasa tsoron mutum, ku kira hukumar kula da dabbobi ta garinku, ku ja yara ciki.

Yanzu bari in amsa wa ɗana mai tambayar guba. Guba ba ta da ido. Kuregen da ya ci ba nan take yake mutuwa ba, yana yin kwanaki yana jan jiki, shaho ko mujiya su ɗauke shi su mutu su ma, ko kyanwar maƙwabci, ko karensa. Ka sa tsaba don ka ga tsuntsu, ka ƙare da kashe tsuntsu. Tarkon gam kuwa da ake shimfiɗawa, na taɓa ganin ɗan tsuntsu manne a kansa yana fizgar fiffike, ban so wani ya ga irin wannan. Malamanmu sun karantar da mu cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai, kuma sun ba mu labarin wadda aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle. Kurege bai saci komai ba, abin da ka ajiye ya gani.

Zaɓin tsaba ma yana rage rigima. Buhun nan mai araha da ake cewa gauraye, idan ka buɗe za ka ga jajayen ƙwayoyi masu yawa. Dawa ce, irin tamu. Mu abincinmu ce mai daraja, amma yawancin ƙananan tsuntsayen wannan yanki ba sa cin ta, watsar da ita suke yi ƙasa suna neman abin da suke so. Abin da ya taru a ƙasa shi ke kiran ɓera da rakun, daga nan maƙwabta su fara ƙorafi. Gara ka sayi baƙin irin furen-rana zalla, mai yawan mai da ɓawo marar kauri, kusan kowane tsuntsu yana so. Sai dai kurege ma yana mutuwar son sa. Farin irin da ake kira safulawa yana da ɗaci-ɗaci, kadinal yana ci, kurege da yawa suna ƙi, ko da yake wanda yunwa ta matsa ba ya zaɓe. Akwai wani siririn baƙin iri da ake rubuta Nyjer a buhunsa, daga Habasha da Indiya ake kawo shi, ana gasa shi kafin ya shigo ƙasar don kada ya tsiro, ƙananan tsuntsayen da ake kira finci ne ke cin sa, kurege bai cika kula shi ba. Ana kuma sayar da tsaba da kitse masu barkono, domin tsuntsu ba ya jin yajin barkono ko kaɗan, dabba mai shayarwa kuwa tana ji. Yana aiki, amma idan za ka zuba ka juya wa iska baya, ka wanke hannu kafin ka taɓa ido. Burodi da ragowar shinkafa da miya ku bar su a kicin. Kuma ka zuba gwargwadon abin da za su cinye kafin rana ta faɗi.

Duk abin da na faɗa a sama, dabara ce ta kare tsaba. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne kare tsuntsun daga gare mu. A shekarata ta uku aiki ya yi mini yawa, na yi kusan wata biyu ina ƙara tsaba a kan tsohuwa ban wanke mazubin ba. An yi ruwa, ta ƙasa ta jiƙe ta dunƙule ta yi funfuna, ban lura ba. Wata safiya na ga wani finci mai jan ƙirji zaune a bakin mazubin, sauran sun tashi da na buɗe ƙofa, shi bai tashi ba. Na matsa har kusan taku biyu. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe da ɓawon kwantsa, ɗayan yana ruwa, yana goga kansa a jikin ƙarfen, a daidai ramin da sauran ke sa kai su ci. Ya yi ta laluben tsaba da baki kamar makaho. Na tsaya a wurin jikina ya yi sanyi, domin na gane ni na tara su wuri guda, kuma ni na bar kwanonsu da datti.

Ciwon idon nan sananne ne. An fara lura da shi a hunturun 1994 a kewayen birnin Washinton, ya bazu cikin ƙasar, kuma mazubi na daga cikin wuraren da suke ɗaukarsa daga juna. A 2021 kuma cutar salmonela ta kashe ƙananan tsuntsaye da yawa, musamman a yammacin ƙasar, har ta kama mutanen da suka taɓa mazubi ko matattun tsuntsaye. Maganin abin a hannunka yake. Duk mako biyu ka sauke mazubin, ka zubar da tsohuwar tsaba, ka goge shi da sabulu da buroshi, ka jiƙa shi minti goma a ruwan bilic, awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, ka ɗauraye sosai, ka bari ya bushe ƙarau kafin ka sake cikawa. Ka share ɓawon da ya taru a ƙasa. Idan ka ga marar lafiya ko guda ɗaya, ka sauke komai na mako biyu su watse. Ba za su mutu da yunwa ba, abin da suke samu a wurinka ƙari ne kan abin da suke tsinta a daji. Wanda ya san ba zai iya wannan wankin ba, wallahi gara kada ya fara. Ya ajiye musu kaskon ruwa kawai, kamar yadda iyayenmu mata ke yi a tsakar gida lokacin bazara, yana canza ruwan duk kwana biyu saboda sauro.

Sai taga da kyanwa. Tsuntsu ba ya gane gilashi, sararin sama da itatuwa yake gani a jikinsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin miliyan 365 zuwa kusan biliyan ɗaya ke mutuwa kowace shekara a Amurka ta karo da gine-gine. Ka sa mazubin ko dai dab da taga, ƙasa da ƙafa 3, yadda ko ya firgita bai ɗauki gudun da zai ji ciwo ba, ko kuma can nesa fiye da ƙafa 30. Kyanwa kuwa ɓarnarta ta fi ta taga, ƙiyasin ya haura biliyan biyu a shekara. Idan kana da ita, ka riƙe ta cikin gida. Tara tsuntsaye a filin da kyanwarka ke yawo zalunci ne, ko da ba ka nufa ba. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna tsuntsayen Amurka da Kanada sun ragu da kusan biliyan 3 tun daga 1970. Kada bayan gidanka ya ƙara a kan wannan lissafi.

In kana haya, ka tambayi mai gida kafin ka kafa sanda, wasu gidaje da unguwanni sun hana. In kana jihohin da beyar ke shigowa gari, ka bi abin da hukumarsu ta ce, yawanci a sauke mazubi da zarar hunturu ya wuce.

Akwai masu ware wa kurege nasa kwanon masara a can gefe don ya bar na tsuntsaye. Ni ban ga amfaninsa ba, ƙara musu yawa kawai yake yi, kuma rakun tana zuwa ta ƙarasa da dare. Kurege yana da 'ya'yan itacen oak da yake binnewa tun kaka, waɗanda ya manta su ne ke tsirowa su zama sababbin itatuwa. Abin da ya faɗo ƙasa daga mazubina na bar masa, ya ishe mu zaman lafiya.

Ku masu ƙananan yara, ku jawo su cikin abin. Sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke jihar Niyok, tare da takwarorinsu na Kanada, suna da shiri mai suna Project FeederWatch tun 1987, inda mutanen gari ke ƙirga tsuntsayen da suka zo bayan gidansu daga Nuwamba zuwa Afrilu su aika musu. 'Yata ƙarama da shi ta koyi zama shiru. Ita ce ta fara nuna mini yadda ɗan cikadi, mai baƙar hula da farin kunci, yake ɗaukar ƙwaya ɗaya tak, ya tashi zuwa reshe, ya danne ta da ƙafa ya fasa, ya dawo ya ɗauki wata. Yanzu ita ke sauke mazubin da magariba, ni nake wankewa ran Asabar.

Ɗana mai tambayar guba, kuɗin da za ka kashe a kanta ka sayi garkuwar ƙarfe da buroshi. Ran Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan zo gidanka da awona mu nemi inda za mu kafa sandar.